Frank Aiken, tsohon ɗan tawayen Ailan da ya fara sa hannu kan yarjejeniyar nukiliya

A fadarmu ta shayi nan Yamai gardama ba ta ƙarewa. Ran nan ana cikin zuba na biyu, rediyo ta kawo labarin takun-saƙar Iran da ƙasashen Yamma kan nukiliya, sai wani ƙanenmu ya dire kofi ya ce: "To wai ni, wa ma ya kafa dokar nan da ta ce waɗansu su riƙe bam, waɗansu kuma haramun ne gare su?" Na yi caraf na ce Amurka mana, wa kake tsammani? Kowa ya gyaɗa kai, ban da Mushe, wani dattijo tsohon malamin lakkwal da ke zama da mu in zafi ya koro shi daga gida. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Je ka nemi sunan Frank Aiken, ka dawo mu yi magana."

Na je na nema. Ashe ban yi ƙarya gaba ɗaya ba, don Amurka da Tarayyar Sobiyet ne suka zauna suka tsara yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968. Amma wanda ya fara ɗora maganar a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nace mata shekara huɗu a jere, ministan harkokin waje ne na wata ƙaramar ƙasa, Ailan, wadda a lokacin mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. Shekara 50 ya yi yana depite, daga 1923 zuwa 1973, shekara 31 daga ciki yana minista. Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutumen nan da bindiga ya fara.

Yaron Camlough

An haifi Aiken ranar 13 ga Fabrairun 1898 a kusa da ƙauyen Camlough, gundumar Armagh, a arewacin tsibirin Ailan. Duk tsibirin na ƙarƙashin Ingila a lokacin. Gidansu manoma ne ƴan Katolika, a yankin da Katolika da Furotesta ke zaman doya da manja tun kakanni. Bai yi nisa a karatu ba. Yana ɗan shekara 16 ya shiga ƙungiyar ƴan sa-kai masu neman ƴanci, wadda daga baya ta koma rundunar IRA.

Da yaƙin neman ƴanci ya ɓarke a 1919, ya yi suna da sauri. A Disamban 1920 ya jagoranci hari kan barikin ƴan sanda na garinsu, dakarun Ingila suka rama da ƙone gidansu. A Yunin 1921 mutanensa suka kifar da jirgin ƙasan da ya ɗauko sojojin doki na Ingila, waɗanda ke dawowa daga rakiyar Sarki George na Biyar wajen buɗe majalisar Ailan ta Arewa. A shekarar nan, yana da shekara 23 kacal, ya zama kwamandan runduna ta huɗu ta arewa.

Akwai wani dare da ba a tsallake shi in ana son faɗin gaskiya. Ranar 17 ga Yunin 1922, kafin asuba, ƴan rundunarsa suka shiga Altnaveigh, kusa da garin Newry, suka ƙone gidaje, suka kashe fararen hula shida ƴan Furotesta, har da mace. Sun ce ramuwa ce kan kisa da cin zarafin da aka yi wa ƴan Katolika a kwanakin. Masana tarihi har gobe suna gardama kan ko shi da bakinsa ya ba da umurnin, amma rundunar tasa ce, kuma Furotestan yankin ba su taɓa yafe masa ba. Duk abin da zan faɗa na yabo nan gaba, mai karatu ya riƙe wannan a hannu guda.

Yaƙin ƴan uwa

A Disamban 1921 aka sa hannu kan yarjejeniya da Ingila a Landan. Gundumomi 26 sun samu mulkin kai, 6 na arewa, ciki har da Armagh ɗin su Aiken, suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, kuma dole depitoci su yi rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila. Majalisa ta amince da ƙuri'a 64 da 57. Wannan rantsuwar ita ta raba abokan gwagwarmaya gida biyu, har ta kai su ga harbin juna a ƙarshen Yunin 1922.

Aiken bai son yarjejeniyar, amma ya fi ƙin yaƙin. Ya yi ƙoƙarin tsayar da rundunarsa tsaka-tsaki, yana kai gwauro yana kai mari don a sasanta. Bai yi nasara ba. A tsakiyar Yuli sojojin sabuwar gwamnati suka kama shi a Dundalk suka jefa shi gidan kaso. Kwana goma sha ɗaya bayan nan mutanensa suka fasa bangon kason da nakiya, ya fita da fursunoni kusan 100. Ranar 14 ga Agusta ya dawo ya ƙwace barikin garin. Wanda ya ce ba ya son yaƙi ke nan ya tsinci kansa tsundum a ciki.

Yaƙin ya ci manya. An kashe Michael Collins, jagoran sojin gwamnati, a Agustan 1922. Gwamnati ta zartar da hukuncin kisa kan fursunoni fiye da 70. Ranar 10 ga Afrilun 1923 aka harbe Liam Lynch, babban hafsan ƴan tawaye, a kan duwatsun Knockmealdown, Aiken na cikin waɗanda ke tare da shi. Kwana goma bayan haka aka naɗa shi ya gaje shi, yana ɗan shekara 25.

Me ya yi da kujerar? A ƙarshen Afrilu ya ba da umurnin tsagaita wuta. Ranar 24 ga Mayu kuma ya aika wa duk mayaƙansa cewa kowa ya ɓoye makaminsa ya koma gida. Ku lura da dabarar, jama'a. Bai ce a miƙa wuya ba, don ya san saurayin da ya binne abokansa ba zai ɗaga hannu sama gaban wanda ya kashe su ba. Ya ba su hanyar fita da mutuncinsu a hannu. Babu takardar sulhu, babu bikin sa hannu, gwamnati ma ta ci gaba da tsare mutane kusan 12,000. Amma harbi ya tsaya, kuma bai sake tashi ba. Mu da muka ga yadda tawaye ke mutuwa ya farfaɗo a yankinmu, mun san kashe wuta irin wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Minista a kan sojojin da ya yaƙa

A Agustan 1923 mutanen gundumar Louth suka zaɓe shi depite, kuma su suka ci gaba da zaɓensa rabin ƙarni. Da farko bai shiga zauren majalisa ba saboda rantsuwar nan. A 1926 ya bi Éamon de Valera suka kafa jam'iyyar Fianna Fáil, a 1927 suka haɗiye rantsuwar kamar maɗaci suka shiga. A 1932 suka ci zaɓe. Waɗanda suka yi nasara a fagen daga suka miƙa mulki ga waɗanda suka kayar shekara tara baya. Ana ba da labarin cewa ranar da majalisa ta zauna, wasu depitocin Fianna Fáil da ƙananan bindigogi suka zo cikin aljihu, don tsoron juyin mulki. Ba a yi ba.

Sai de Valera ya ɗauki ma'aikatar tsaro ya damƙa wa Aiken. Wato janar-janar ɗin da suka yi farautarsa jiya, yau su za su sara masa. Kowa ya zuba ido ya ga za a yi shara. Bai yi ba. Ya bar manyan hafsoshi a muƙamansu, a 1934 kuma ya kafa rundunar ƴan sa-kai ta ko-ta-kwana, inda ya shigar da tsofaffin ƴan tawaye ƙarƙashin tutar gwamnati. Tun daga nan sojin Ailan bai taɓa karɓe mulki ba.

A yaƙin duniya na biyu Ailan ta ce ba ruwanta, Aiken kuma shi aka ba kula da tsare-tsaren tsaron ƙasa daga 1939 zuwa 1945. Nan ma akwai tabo. Shi ke riƙe da almakashin tace labarai, kuma ya yi amfani da shi ba sassauci. Duk labarin da zai sa mutane su karkata ga wani ɓangare sai a datse shi, har labarin ta'asar da ƴan Nazi ke yi a sansanonin gwale-gwale bai fito sosai a jaridun Dublin ba sai da yaƙi ya ƙare. A Maris na 1941 aka tura shi Amurka neman makamai. Ganawarsa da Shugaba Roosevelt ta ƙare baram-baram, don ya dage cewa Ailan za ta kare kanta daga duk wanda ya taɓa ta, ko Jamus ce ko Ingila. Makamai dai bai samu ba, sai izinin jiragen ruwa biyu na dakon kaya.

Bayan yaƙi ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 1945 zuwa 1948. A gefe guda mutum ne mai son ƙere-ƙere. Ya ƙirƙiro murhun da ke aiki da wata baƙar lakar fadama da mutanen Ailan ke busarwa su yi makamashi da ita, har da wata irin amya ta kiwon zuma. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da ƙarancin magana da taurin kai.

Tsakanin Iraƙi da Isra'ila

Ya riƙe harkokin waje sau biyu, 1951 zuwa 1954, sannan 1957 zuwa 1969. Ailan ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamban 1955, bayan Mosko ta shafe shekaru tana hawa kujerar na-ƙi a kanta. A zauren, da yake bin haruffa ake yi, kujerarta na tsakanin ta Iraƙi da ta Isra'ila. Aiken kan tare a New York makonni da yawa duk shekara, abin da ministoci ƙalilan ke yi, har ƴan adawa a gida suna masa gorin ya manta hanyar Dublin.

Kowa ya ɗauka ƙasar Katolika irin wannan ƴar amshin shatan Amurka za ta zama. A 1957 ya ba su mamaki: ya goyi bayan shawarar Indiya cewa a tattauna batun bai wa Sin ta gurguzu kujera. Washington ta fusata, manyan limaman coci a Amurka, irin su Kardinal Spellman na New York, suka yi masa ca. Bai janye ba. Haka kuma ya yi magana kan ƴancin Aljeriya, da Tibet, da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Hujjarsa kullum guda ce, cewa ƙasarsa ta ɗanɗani mulkin mallaka ɗaruruwan shekaru, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga wani abin da ban sani ba sai yanzu. Ranar 20 ga Satumban 1960 da aka karɓi Nijar a Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke riƙe da gudumar shugabancin zauren ɗan Ailan ne, Frederick Boland, jakadan Aiken. A Disamban shekarar, da aka kawo ƙudurin ba duk ƙasashen da ake mallaka ƴanci, Amurka da Birtaniya da Faransa suka ƙaurace wa ƙuri'a, Ailan ta ce ta yarda.

Ƙudurin Ailan

A Oktoban 1958 Aiken ya gabatar da abin da ya zama gadonsa. Ƙasashe uku ne ke da bam a lokacin: Amurka, Tarayyar Sobiyet da Birtaniya. Tunaninsa mai sauƙi ne. Tunda manyan nan ba za su zubar da nasu gobe ba, to a fara toshe ƙofa kada wasu su shigo. Mai shi kada ya bayar, marar shi kada ya nema. Ya yi gargaɗin cewa makamin da ke hannun manya yau, gobe zai sauko hannun ƙanana, jibi kuma hannun ƙungiyoyin tawaye. Tsohon kwamandan ƴan tawaye ne ke faɗin haka, ya san yadda bindiga ke tafiya daga hannu zuwa hannu.

Da farko ba a saurare shi sosai ba. Ya dawo da maganar a 1959, ya sake dawowa a 1960. Cikin wannan tsakanin ne, ranar 13 ga Fabrairun 1960, ranar da ya cika shekara 62, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane, a cikin Saharar Aljeriya, nan arewa da mu. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Gana ta Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa don nuna fushi, Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Ranar 4 ga Disamban 1961 dai zauren ya amince da ƙuduri mai lamba 1665 ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta ƙi ba. Shi ake kira ƙudurin Ailan har yau.

Shekara shida da rabi aka ƙara ana ja-in-ja. Ranar 1 ga Yulin 1968 aka buɗe yarjejeniyar don sa hannu a Mosko da Landan da Washington, aka gayyaci Aiken Mosko ya zama na farko da ya rattaba hannu. Ta fara aiki a Maris na 1970. Yau ƙasashe 191 ke cikinta. A 1963 Shugaba Kennedy ya yi fargabar ƙasashe 15 zuwa 25 za su mallaki bam cikin shekarun 1970. Yau tara ne. Afirka ta Kudu ma ta kwance nata ta shiga yarjejeniyar a 1991.

Mu nan abin ya shafe mu kai tsaye. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma tsarin sa ido da ya biyo bayan wannan yarjejeniya shi ke bin sawun irin wannan kaya a kasuwar duniya. Waɗanda suka girma sun tuna 2003, lokacin da aka ɗauki sunan Nijar aka ce Saddam Husaini ya nemi yuraniyom daga wajenmu, aka mai da shi ɗaya daga hujjojin yaƙin Iraƙi. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ƙarƙashin Muhammad al-Barada'i, ita ta fito a watan Maris na shekarar ta ce takardun jabu ne. Ba ta hana yaƙin ba, amma ta wanke mu.

Kwango da Biyafara

Siyasar tasa ta ci rayukan ƴan ƙasarsa. A 1960 Ailan ta tura sojoji Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 8 ga Nuwamba aka yi wa ayarin mutum 11 kwanton ɓauna a Niemba, tara suka mutu. A Satumban 1961 wasu kimanin 155 suka yi kwana biyar a kewaye a Jadotville, dakarun Katanga da sojojin haya na ruwan wuta a kansu, sai da harsashi da ruwan sha suka ƙare suka miƙa wuya.

Sai yaƙin basasar Najeriya. Ofishin jakadancin Ailan na farko a Afirka a Legas aka buɗe shi a 1960, kuma limaman mishan ƴan Ailan cike suke a gabashin Najeriya. Da hotunan yara masu ƙwashiyoko suka isa Dublin, jama'a suka tara kuɗin agaji masu yawa, ƙungiyar Concern ma a 1968 aka kafa ta saboda haka. Aka matsa wa Aiken lamba ya karkata ga Biyafara. Ya ƙi. Ya tsaya kan matsayin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka cewa Najeriya ɗaya ce, yana kiran a zauna teburi. Ya sha suka ƙwarai a gida, an ce masa marar tausayi. Ni dai ina ganin mutumen da aka tsaga ƙasarsa biyu, garin haihuwarsa ya faɗa ɗaya ɓangaren, ba zai yi gaggawar sa albarka ga tsaga wata ba.

Yadda ya fita

Daga 1965 ya haɗa da muƙamin mataimakin faraminista, har 1969 da Faraminista Jack Lynch ya sauke shi daga gwamnati. A 1970 aka kori ministoci biyu, Charles Haughey da Neil Blaney, kan zargin yunƙurin shigo da makamai don ƴan arewa. Kotu ta wanke Haughey, amma Aiken bai yarda da shi ba. Da zaɓen 1973 ya zo, ya ce muddin jam'iyya ta tsayar da Haughey, shi ba zai tsaya ba. Jam'iyya ta tsayar da shi. Aiken ya so ya fito fili ya faɗi dalili, manya suka lallashe shi, aka sanar wa jama'a cewa shawarar likita ce. Haughey ya zama faraminista a 1979. Shekaru bayan haka kwamitocin bincike suka gano maƙudan kuɗin da ya riƙa karɓa daga hannun ƴan kasuwa.

Aiken ya rasu ranar 18 ga Mayun 1983 yana da shekara 85. Aka mai da shi Camlough aka binne, can ƙetaren iyakar da ya yaƙa bai iya gogewa ba. Barikin Dundalk da ya ƙwace a 1922, yau sunansa yake ɗauke da shi.

Da na koma fada na zayyana musu duk wannan, ƙanen namu bai gamsu ba. Ya ce: "Yaya, ai maganata na nan. Biyar aka yarje wa, suka yi alkawarin kwance nasu, shekara hamsin da wani abu ga shi ba su kwance ba. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su ma shiga ba, Koriya ta Arewa ta fice a 2003. Mu masu yuraniyom ɗin ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba. Ina adalcin?" Ban iya ƙaryata shi ba, don kowace kalma gaskiya ce. Aiken da kansa ya san rashin daidaiton tun farko, ya ɗauke shi a matsayin matakin farko, mataki na biyun ne har yau ba a taka ba.

Mushe ya kurɓi shayinsa ya ce: "Ku yara, a 1923 ma ai babu adalci. Ƙasarsa a rabe, abokansa a kaso, waɗansu a kabari. Duk da haka ya ce a ɓoye bindiga a koma gida. Shekara tara bayan nan ya dawo da ƙuri'a." Ƙanen ya ce to mutanen Altnaveigh fa, su wa ya biya su? Mushe ya yi shiru, ya ce babu wanda ya biya su. Aka kira sallar magariba muka tashi, gardamar na nan sai gobe.